CSS ɗin da ka rubuta a ina yake kwana? Additional CSS, ɗan tim ko fulogin

Ranar Talatar da ta wuce ina cikin danfo mun maƙale a goslo ɗin Oshodi, wani ƙanena da nake koya wa aikin websait ya kira ni murya na rawa, wai "Yaya, sait ɗin Alhaji ya koma fari fat, koren nan da muka sa duk ya tafi, hatta rubutun ya koma ƙanana." Alhajin nan shadda da atamfa yake sayarwa a Agege, kuma ranar ce ya tura link ɗin ga kwastomominsa na Kano da Kwatano. Ban tambaye shi komai ba sai abu ɗaya, CSS ɗin, wato kod ɗin da ke ba sait launi da girman rubutu, a ina ka zuba shi? Ya yi shiru, can ya ce a style.css. Na ce na wane tim, wato rigar da ke ba sait fasalinsa? Ya ce na tim ɗin da muka saka mana. Na ce to da safe ka danna ofdet ko? Ya ce eh Yaya, jan abu na gani a dashbod na ce bari in share shi. Shikenan, na gane komai tun kafin in sauka a Ikeja.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don yawancinmu masu haɗa sait da WordPress a nan Legas, daga masu shago a Computer Village har masu yi a ɗaki da laftof ɗaya da janareta, mun iya kwafo kod mu manna ya yi aiki, amma in aka ce ina kod ɗin ya shiga sai a fara kame-kame. Alhali zaɓin gaba ɗaya a kan wannan yake.

Sait ɗin WordPress gida biyu gare shi. Akwai fayiloli, su ne kake gani in ka buɗe File Manager a cPanel, su wp-content da themes da plugins da uploads. Sannan akwai databes, wanda sai ka shiga phpMyAdmin kake ganinsa, nan ne rubuce-rubuce da shafuka da saituttuka da odar kwastomomi suke. Duk CSS ɗin da ka ƙara da hannunka dole ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ya shiga, wani lokaci ma duka biyun. In ka san wanne ne, ka san abin da zai kashe shi da abin da ba zai taɓa shi ba.

Bari in fara kawar da abin da ƙanena ya yi, don shi ba ya cikin zaɓi ma. Gyara style.css na babban tim kai tsaye. Ofdet na tim ba faci yake yi ba, tsohuwar folda ake cirewa gaba ɗaya a sa sabuwa, duk abin da ka ƙara a ciki ya tafi da ita, ba kwandon shara ba komai. Wasu sai su ce to ba sai mu ƙi yin ofdet ba, wannan kuma ka bar ƙofar gida a buɗe ne don kar iska ta taɓa labule. Mu wuce.

Na farko na gaskiya shi ne akwatin Additional CSS, wanda yake Appearance, Customize, can ƙasa. Ya shigo ne da WordPress 4.7 a Disambar 2016, kafin nan sai da fulogin, wato 'yar manhajar da ake ƙara wa sait, ko tim ya ba ka nasa akwatin. Mutane da yawa suna zaton in sun rubuta a nan fayil ake ƙirƙira, sai ka ga mutum ya kwashe awa guda yana bin folda-folda yana nema. Babu fayil wallahi. Databes yake shiga, cikin teburin wp_posts, wuri ɗaya da rubuce-rubucenka, sai dai nau'insa custom_css ne, kuma sunan da ake ba shi shi ne sunan foldar tim ɗin da kake kai a lokacin. In kana son gani da idonka, shiga phpMyAdmin ka buɗe wp_posts ka tace da post_type daidai da custom_css, kod ɗinka yana cikin post_content. Ka lura dai, wasu hostin suna canza wp_ ɗin farko zuwa wasu haruffa, kar ka ce teburin ya ɓata.

Daɗinsa a fili yake. Kana rubutawa kana gani nan take a gefe, tun 4.9 a 2017 ma akwatin yana sa wa kod launi ya nuna maka in ka manta rufe baka, kuma kana iya ajiyewa a matsayin daraf ba sai ka wallafa ba, wanda duk mai aiki da wutar NEPA da batirin laftof da ya gaji ya san amfanin wannan. Ofdet na tim ba ya taɓa shi. Sannan a ƙarshen kan shafi ake fitar da shi, bayan fayilolin tim, don haka in dokarka da ta tim ƙarfinsu ɗaya taka ce za ta ci.

Amma ga inda yake cizo. Na ce maka da sunan tim ake ajiye shi. Ranar da ka canza tim, akwatin zai fito fayau kamar ba ka taɓa rubuta komai ba. Bai goge ba fa, yana nan kwance a databes, in ka koma tsohon tim zai dawo. Abin da yake kama mutane sosai shi ne, ɗan tim, wato child theme, ƙaramin tim da ke gadon komai daga babban tim, shi ma wani tim ne daban a wurin WordPress. Wato ka yi wata shida kana zuba kod a Additional CSS, wani ya ba ka shawara ka sa ɗan tim, ka kunna shi, sai ka ga sait ya tuɓe, ka ɗauka ɗan tim ɗin ne ya ɓata maka aiki. A'a, kwafowa kawai za ka yi daga tsohon akwati ka manna a sabon wuri, kuma ka kwafa kafin ka canza ba bayan ba, don ka huta da komawa baya.

Cizo na biyu kuma, wannan kod ɗin cikin jikin kowane shafi ake cusa shi. Danna dama ka duba asalin shafin ka nemi wp-custom-css za ka gan shi zube. In layi ashirin ne ko talatin ba wanda zai ji, ya ma fi sauri tunda ba sai burauza ta je ɗauko wani fayil ba. Amma na taɓa karɓar sait ɗin wata Hajiya mai turaren wuta da humra a Idi-Araba, wanda ya fara mata aikin ya zuba abin da sai ka gaji da jan linzami ba ka kai ƙarshe ba, ba alama ba bayani, ga !important, alamar da ke tilasta doka ta danne sauran, kamar an watsa gero. Duk shafin da kwastoma ta buɗe sai ta sake sauke wannan tulin da datarta, alhali da fayil ne sau ɗaya burauza za ta ɗauka ta riƙe. Kuma gyara a cikin wannan siririn akwatin azaba ne, ba ka iya ganin abin da aka canza jiya da shekaranjiya. WordPress yana ajiye tsoffin kwafi a databes, gaskiya ne, amma bai ba ka maɓallin komawa baya a wurin ba.

Yanzu in tim ɗinka irin na zamani ne, na bulok, kamar Twenty Twenty-Two da waɗanda suka biyo bayansa, za ka iya neman Customize ka rasa. Tun WordPress 5.9 a Janairun 2022 aka kawo Editor na sait gaba ɗaya, kuma a 6.2 a Maris 2023 aka sa masa nasa akwatin Additional CSS a cikin Styles, har kana iya ba kowane irin bulok nasa kod ɗin. Shi ma databes yake shiga, wp_posts ɗin dai, amma nau'insa wp_global_styles, haɗe da launuka da girman rubutu da ka zaɓa, kuma shi ma ɗaure yake da tim. Wato hali ɗaya, ɗaki ne kawai daban. Abin da zan ce a nan, a irin wannan tim ɗin kafin ka rubuta CSS duba ko Styles zai yi maka da dannawa kawai, rabin abin da muke rubuta kod a kai da, launin maɓalli, tazara, nau'in rubutu, yanzu ba sai an rubuta ba. Kuma ka yi hattara da maɓallin mayar da salo zuwa na asali, kod ɗinka a buhu ɗaya yake da sauran.

Sai ɗan tim, wanda ni shi ne nawa in aiki ya girma. Folda ce ka ƙirƙira a wp-content/themes kusa da ta babban tim, a ciki style.css mai ɗauke da Theme Name da layin Template, wanda dole ya zama sunan foldar uban daidai harafi da harafi, in ka sa babban baƙi inda ƙarami yake WordPress zai ce bai ga uban ba. Sai functions.php da zai kira fayil ɗin ta wp_enqueue_style. Tsohuwar hanyar @import da za ka gani a tsofaffin darussa tana aiki amma tana jan lodi, bar ta. In ba ka son haɗawa da hannu, Astra da GeneratePress da Hello Elementor duk suna da nasu ɗan tim ɗin da za ka sauke ka ɗora.

Me ya sa nake sonsa? Fayil ne. Ina buɗe shi a VS Code a laftof ɗina ko babu intanet, in raba shi kashi-kashi, kai daban, shafin kaya daban, waya daban, in sa bayani a kan kowane sashe, in tura GitHub in ga wa ya canza me kuma yaushe. Uban tim ya yi ofdet sau ɗari ba ruwan ɗan. Amma babban dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne shago. A ce sait ɗin Alhaji yana da WooCommerce, fulogin ɗin da ke mayar da sait shago, oda na shigowa dare da rana, kai kuma ka yi kwafin sait a gefe kana gwada sabon fasali na sati biyu. In CSS ɗinka a databes yake, kuma ka ce bari in tura databes ɗin gwaji gaba ɗaya kan na gaske, ka binne odar sati biyu, kuma wallahi ba bayanin da za ka yi wa ɗan kasuwa ya gane cewa launin maɓalli ne ya cinye masa ciniki. In a ɗan tim yake, fayil ɗaya za ka ɗora, databes ko kallonsa ba ka yi ba.

Shi ma yana da nasa ciwon. Na ɗaya, ba ka gani nan take, sai ka ajiye ka ɗora ka sake lodi. Na biyu kesh, wato ajiyayyen kwafi. Tunda burauza tana riƙe fayil, za ka gyara ka ga ya yi a wurinka, Alhaji ya buɗe a wayarsa ya ce "Malam ni ban ga komai ba fa". Dubi ƙarshen adireshin fayil ɗin akwai ?ver= da lamba, muddin lambar ba ta canza ba burauza tana ganin tsohon ne. Ka ƙara lambar, ko ka sa filemtime a functions.php ta riƙa canzawa da kanta duk sanda ka taɓa fayil ɗin. Na uku, functions.php ba CSS ba ne, kod ɗin PHP ne. Kuskure a CSS iyakarsa ado ya lalace, baka ɗaya da ba ka rufe ba sai dokokin da ke ƙasansa su daina aiki, amma sait na nan. Kuskure a PHP kuwa sait ɗin ne yake faɗuwa ɗungurungum. Tun 5.2 a 2019 akwai hanyar ceto da ake turo wa admin ta imel, to amma sau nawa imel ɗin admin yake zama na wanda ya fara aikin shekara uku da suka wuce kuma lambarsa ba ta shiga?

Kuma kar a yaudare ka, ɗan tim ma in ka bar uban ka koma wani tim ya zama tarihi. Sai dai fayil ɗin yana nan a folda kana ganinsa.

Fulogin fa? Irin su Simple Custom CSS and JS ko WPCode. Ana tallata su da cewa kod ɗinka zai tsira ko ka canza tim, kuma gaskiya ne, tunda ba da sunan tim suke ajiyewa ba. Yawanci databes suke sawa, shi na farkon ma yana rubuta kwafi a fayil cikin uploads, ya ba ka zaɓi ko a cusa a shafi ko a kira shi a matsayin fayil. Suna ba ka damar yanka kod gunduwa-gunduwa, kowanne da suna, ka kunna wannan ka kashe wancan, wanda in kana neman wace doka ce take ɓata maka shafi yana taimakawa ƙwarai.

Amma a tsaya a yi tunani kan wannan tsirar. CSS da sunayen aji yake kama abu, wato class, sunan da ake liƙa wa kowane sashe na shafi. Dokar da ka rubuta don kan shafin Astra, in ka koma wani tim sunayen sun canza, kod ɗin yana nan da ransa amma ba abin da yake riƙe da shi, wani lokaci ma ya kama abin da ba shi ka nufa ba. To ina amfanin tsirar? Amfaninta yana kan abin da ba na tim ba ne tun asali: koren maɓallin WhatsApp da ke yawo a ƙasan shafi, fom ɗin Contact Form 7, maɓallan WooCommerce, shafin biyan kuɗi da ka haɗa da Paystack, sanarwar rangwamen Sallah da kake kunnawa sau biyu a shekara ka kashe. Waɗannan ko wace riga sait ya sa suna nan yadda suke, su ne suka cancanci fulogin. Hatsarinsa kuma, ranar da sait ya yi nauyi wani ya zo yana kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya don gwaji, ko ɗan Alhaji da ya dawo hutu daga makaranta ya ga sunan da bai sani ba ya goge, ado ya tafi.

Masu Elementor, fulogin ɗin gina shafi da jan linzami, ku ma ga naku a taƙaice. Akwatin Custom CSS da ke ƙarƙashin Advanced na mai biya ne, kuma abin da ka rubuta a kan wijet, wato guntun abu ɗaya a shafi kamar maɓalli ko hoto, yana shiga wp_postmeta tare da sauran bayanin wannan shafin, daga nan Elementor ya gina fayiloli a wp-content/uploads/elementor/css, irin su post-12.css. Kar ka gyara waɗannan fayilolin da hannu, sake gina su ake yi, gyaranka zai bi ruwa. In ka ɗauke sait zuwa sabon hostin ko daga adireshin gwaji zuwa .com.ng na gaske ka ga ya hargitse, kafin ka firgita je Tools na Elementor ka danna maɓallin sake gina CSS. Matsalata da wannan hanyar ita ce warwatsuwa, kod a wijet arba'in cikin shafi goma sha biyar, bayan wata shida ko kai da ka rubuta ba ka san inda ka sa ba. In abu ya shafi sait gaba ɗaya kar a sa shi a wijet.

To wanne za ka ɗauka? Ni ga yadda nake yi. In sait ne na shafi huɗu biyar, makarantar Islamiyya ko mai kilishi da yake son a ga kaya a kira shi a waya, gyaran kuma bai wuce abin da zai cika fuskar laftof sau ɗaya ko biyu ba, Additional CSS ya wadatar, haɗa masa ɗan tim ɓata lokaci ne, kuma duk wanda ya gaje ka nan zai fara dubawa. In shago ne mai oda, ko kod ya fara tsawo, ko ku biyu ne kuke aiki a kai, ko dama za ka taɓa PHP, ɗan tim ba tare da dogon tunani ba. Fulogin kuma don 'yan abubuwan da na lissafa waɗanda ba ruwansu da tim, in ba ka da irinsu kar ka ƙara wa sait kaya. Ni har haɗawa nake yi ta wata fuska, in gwada a Additional CSS saboda ina gani nan take, in ya zauna in kwashe in kai ɗan tim in bar akwatin fayau. Kwashewar ce mutane ba sa yi, sai doka ɗaya ta zama tana wuri biyu, ka gyara ta fayil ka ga shiru saboda ta akwatin tana zuwa daga baya tana danne ta, kai kuma ka ƙara !important, gobe ka ƙara wani a kan wancan.

In ka gaji sait ba ka san inda aka zuba ba, Chrome zai gaya maka. Danna dama a kan abin, Inspect, a gefen kowace doka akwai inda ta fito. In ka ga sunan fayil, ɗora linzami a kai ka ga ko foldar tim ce ko ta ɗan tim ko uploads. In kuma sunan shafin kansa ka gani, cusa shi aka yi, wato daga databes ya taso, sai ka duba sunan da ke jikin alamar style ɗin ka gane ko na Customize ne ko na wani fulogin. In ka gyara ba ka ga canji ba, kafin ka zargi kod ɗin share kesh hawa uku, na burauza, na fulogin irin LiteSpeed Cache in akwai, da na Cloudflare in sait ya bi ta can. Ni na kan kashe wayfay in buɗe da datar waya a shafin sirri, shi ne nake yarda da abin da na gani.

Maganar bakof kuma a nan gida biyun nan suke dawowa. Wanda ya matse public_html ya sauke ya ce ya yi bakof, ya tsira da ɗan tim amma Additional CSS da na Styles da asalin na wijet ba ko ɗaya a ciki. Wanda ya fitar da databes kaɗai, akasin haka. Fulogin ɗin bakof UpdraftPlus yana ɗaukar su kashi-kashi, ka tabbata ka zaɓi duka. Sannan in za ka miƙa sait ga mai shi, sa DISALLOW_FILE_EDIT a wp-config.php don editan fayil ya ɓace daga dashbod, ka ba yaran shago matsayin da bai kai admin ba, sa kaya da farashi ba ya buƙatar fiye da haka.

Shi ƙanen nawa Allah ya taimake shi, wata biyu baya ya taɓa turo min kod ɗin ta WhatsApp yana tambaya me ya sa maɓalli ya ƙi zama tsakiya, a nan muka tono kusan duka, sauran layi goma sha wani abu ya sake rubutawa daga hoton sait ɗin da Alhaji ya taɓa sawa a status. Kafin la'asar koren ya dawo, a ɗan tim wannan karon. Da Alhaji ya kira da magariba na ɗauka faɗa zai yi, ashe cewa yake "Malam, koren nan ya fi na da duhu kaɗan ko idona ne?" Na duba, idonsa ne ya fi namu, harafi ɗaya yaron ya kuskure a lambar launin.